Karatun shekara biyu a Amurka: kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Baban Hanifa, Bronx:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Babbar 'yata za ta gama sakandare a bana. Wata jami'a mai zaman kanta ta ɗauke ta, har sun yi mata rangwame, amma bayan an cire komai akwai sauran kusan dala dubu 20 duk shekara da za mu nemo, kuma hanyar da suka nuna mana ita ce bashi. Ita kuma malamar da ke ba su shawara a makaranta ta ce ta duba kwalejin al'umma, ta yi digirin nan na shekara biyu a aikin jinya ko ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Yarinya ta karkata can. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Tasi nake ja tun da na shigo ƙasar nan don yaran nan su yi karatun da ban samu ba. Yanzu a ce 'yar fari ta ƙare a difloma? Me zan ce wa mutanen gida? Ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a nan aka haife ta ko da katin zama take? Lissafin ba ɗaya ba ne da na wanda ya zo da bizar karatu.

Baban Hanifa, Bronx:
A nan aka haife ta.

Dokta na Houston:
Alhaji, kada ka bari a karya mata gwiwa tun daga farko. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka yana fitar da alƙaluma duk shekara. A 2023, matsakaicin abin da mai takardar sakandare kaɗai ke samu a mako dala 899 ne. Mai digirin shekara biyu dala 1,058. Mai digirin jami'a na shekara huɗu dala 1,493. Ka ga tsakanin na biyu da na uku akwai dala 435 duk mako, wato sama da dala dubu 22 a shekara. Wata cibiyar bincike a jami'ar Georgetown ta haɗa lissafin na tsawon rayuwar aiki a 2021, ta samu mai sakandare dala miliyan 1.6, mai shekara biyu miliyan 2, mai digirin jami'a miliyan 2.8. Bashin dala dubu 80 a gaban tazarar dala dubu 800 ba wani abu ba ne. Yarinyar da jami'a ta ɗauka har da rangwame tana da ƙoƙari. A bar ta ta tafi inda ƙoƙarinta ya kai ta.

Maman Iman, Columbus:
Dokta, da girmanka, ni da wannan digirin da ake rainawa na fara. Kwalejin al'umma na yi, na zauna jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin jinya, kuma jarrabawa ɗaya ce da wadda ta yi shekara huɗu a jami'a take zaunawa. Lasisi ɗaya aka ba mu. Ranar da muka shiga ɗakin marasa lafiya babu wanda ya tambaye ni shekara nawa na yi a aji, allura ce dai a hannuna kamar ta kowa. Daga baya na cike digirin jami'ar ta intanet ina aiki, asibitin da nake yi wa aiki ya biya wani kaso. Ban ci bashin ko dala ɗaya ba.

Alhaji, maganar mutanen gida kuma, su ne dai za su riƙa bugo waya a turo musu kuɗin azumi. Ba takarda suke tambaya ba.

Malamin Lissafi:
Alƙaluman Dokta daidai ne, amma an cusa abubuwa da yawa a buhu ɗaya. Wannan dala 1,058 ɗin ta haɗa wanda ya karanta kula da yara ƙanana, da wanda ya yi karatun gama-gari da ba shi da takamaiman aiki a gabansa, da wadda ta karanta tsaftar haƙori. Idan aka zazzage buhun sai a ga wani abu daban. Daga ofishin da Dokta ya ambata, duk a 2023, matsakaicin albashin shekara: mai tsaftace haƙori a asibiti dala 87,530. Mai ɗaukar hoton ciki da na'urar sauti dala 84,470. Mai kula da masu matsalar numfashi dala 77,960. Mai ɗaukar hoton ƙashi dala 73,410. Duk waɗannan da digirin shekara biyu ake shiga. Ku raba 87,530 gida 52, za ku samu kusan dala 1,680 a mako, ta wuce matsakaicin mai digirin jami'a. A ɗaya gefen kuma malamar makarantar rainon yara dala 37,130 take samu, ita ma sau da yawa da digirin shekara biyun ne.

Haka buhun jami'a yake. Injiniyan man fetur da wanda ya karanta abin da babu mai nema duk suna cikin wannan 1,493. Shi ya sa ni ba na son a tambayi shekara biyu ko huɗu. Abin tambaya shi ne wane fanni, kuma idan an gama akwai lasisin da doka ta ce sai da shi za a yi aikin ko babu. Duk inda doka ta kafa shinge, wanda ya tsallaka yana da farashi.

Alhaji, me za ta karanta a jami'ar da ta ɗauke ta?

Baban Hanifa, Bronx:
Sun ce kimiyyar halittu, daga baya ta ga abin da za ta yi. Ni dai likita nake fata.

Malamin Lissafi:
To a nan gizo ke saƙar. Digirin kimiyyar halittu shi kaɗai ba ya ba da lasisin komai. Tsani ne zuwa makarantar likitanci, wadda ita ma wata shekara huɗu ce da wani bashin da ya ninka wannan, sannan shekarun horo. Idan yarinya ta ƙudurta haka, madalla. Idan kai ne ka ƙudurta mata, a sake zama.

Sannan ka san kan wa bashin zai hau? Gwamnatin tarayya ba ta ba ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa fiye da dala 5,500, kuma jimillar abin da zai iya karɓa a duk karatun digirin farko dala 31,000 ce. Ragowar dubu 80 ɗin nan, ko dai ka karɓa da sunanka a bashin da ake ba iyaye, wanda ruwansa ya kai kashi 9.08 cikin ɗari a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, ko ku je banki ka tsaya mata. Ko ta gama ko ba ta gama ba, kai za a nema. Kuma akwai ƙannenta a baya.

Dokta na Houston:
Malam, ka kawo masu kyau ka ɓoye sauran. Faɗa musu mutum nawa ke gama kwalejin al'ummar. Masu bincike a jami'ar Columbia sun daɗe suna bin wannan. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga suna cewa niyyarsu su wuce jami'a su cike digiri, amma bayan shekara shida waɗanda suka cike ba su wuce kashi 16 ba. Mutum ɗaya cikin shida ke nan. Sauran kamar wanda ya hau motar Legas daga Kano ne ya sauka a Kaduna, ya biya kuɗin mota bai isa ba. Labarin Maman Iman gaskiya ne, amma waɗanda suka sauka a hanya ba sa zuwa zaure su ba da nasu labarin.

Maman Iman, Columbus:
Wannan kam ba zan musa ba. Kuma akwai abin da ya kamata Alhaji ya sani tun yanzu: shekara biyun nan suna ne kawai. Shiga kwalejin ba shi ne shiga sashen jinya ba. Sai ta fara yin darussan share fage, ilimin sassan jiki, sinadarai, Turanci, lissafi, ta fito da maki mai kyau, sannan ta nemi gurbi. Guraben kaɗan ne saboda kowace ɗaliba sai an samar mata wurin koyon aiki a asibiti. Na ga yara masu ƙoƙari da suka jira zango biyu ko uku. A ƙiyasta shekara uku, har da ɗoriya. Aikin kansa kuma awa 12 ne a tsaye, da kwanan asibiti, da ɗaga majinyaci, da wanke abin da ba a faɗa a zaure. Wadda ta shiga don kuɗi kawai ba ta daɗewa.

Injiniya Mai HND, Kaduna:
Salamu alaikum. Ni ba a Amurka nake ba, amma ku bar ni in sa baki domin na san zafin wannan maganar a jikina. Irin daɗin bakin nan aka yi mana. Aka ce ku tafi kwalejin kimiyya da fasaha, ku ne masu aikin hannu, ƙasa ku take buƙata. Na yi ND shekara biyu, na yi shekara ɗaya ta koyon aiki, na dawo na yi HND shekara biyu, na yi bautar ƙasa. Shekara biyar ke nan kafin bautar ƙasa, fiye da wanda ya yi digiri na shekara huɗu. Da muka shiga aikin gwamnati sai ga rufi a kanmu, mai HND ba ya wuce mataki na 14 sai ya ƙaro wata takardar, mai digiri kuwa har 17. Yaron da ka koya wa riƙe sifana ya zama shugabanka. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, har Buhari ya sauka bai sa hannu ba. Don haka Alhaji yana da gaskiya da ya ji tsoro. Takardar da aka raina tun daga sunanta, raini na bin ta har fansho.

Anti Zango, Bronx:
Injiniya, mu a Ghana sunan ma aka canza. A 2016 aka mai da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'in fasaha, ta Accra da ta Kumasi duk sun koma haka. Sunan dai ya canza.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma a Nijar akwai takardar BTS, shekara biyu bayan bak, wato kammala sakandare, kuma mai lisans, wato digirin jami'a, yana ganin ya fi shi. Amma Injiniya, ciwonka na aikin gwamnati ne, inda takarda ke yanke matakin albashi. A nan yawancin aikin asibiti da na masana'anta ba na gwamnati ba ne, kuma da awa ake biya. Ni a Greensboro nake. Kwalejojin al'umma na jihar North Carolina dala 76 suke karɓa kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga darussa da shi, ga ɗan jiha, digirin kuma kusan kiredit 60 zuwa 70 ne. Ku buga da kanku. Yaranmu da suka yi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ko walda, ko gyaran jirgin sama, ba su zauna ba. Wanda ya fi ba ni sha'awa ma shi ne mai koyon aikin lantarki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago, ana koya masa ana biyansa. Matsakaicin ma'aikacin lantarki ya wuce dala dubu 61 a 2023.

Dokta na Houston:
Rufin da Injiniya yake faɗa a nan ma akwai shi, ba a dai rubuta shi a takardar gwamnati ba ne. Manyan asibitoci da yawa sun fi son nas mai digirin jami'a, kuma shugabancin sashe ba a cika ba mai shekara biyu ba. A jihar New York ɗin da Alhaji yake ma doka ce. Gwamna Cuomo ya sa hannu a Disambar 2017 cewa duk sabuwar nas sai ta cike digirin jami'a cikin shekara goma da samun lasisi. To idan dole sai an yi, me ya sa ba za a yi shi kai tsaye ba?

Maman Iman, Columbus:
Saboda a cikin shekara goman nan albashi take ɗauka, Dokta. Wadda ta cike digiri da kuɗin aljihunta da taimakon asibiti, da wadda ta cike shi da bashin ubanta, takarda ɗaya za su rataya a bango.

Malamin Lissafi:
Ina ganin mun bar wata ƙofa a buɗe ba mu leƙa ba. Ana ta magana kamar zaɓi biyu ne kawai, jami'ar kuɗi ko kwalejin al'umma. Alhaji a Bronx yake. Jami'ar birnin New York, wato CUNY, tana da kwalejojin shekara biyu irin su Bronx Community College da Hostos, kuɗin karatu dala 4,800 a shekara ga ɗan birni. Tana kuma da na shekara huɗu irin su Lehman, wadda ke cikin Bronx ɗin, da Hunter, da City College, dala 6,930 a shekara. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda kyauta ne ba bashi ba, yana kaiwa dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi, ga kuma tallafin jiha da ake kira TAP. Ma'ana, gwargwadon abin da Alhaji ya nuna a takardar haraji, yarinya za ta iya yin digirin shekara huɗu cur tana kwana a gida ba tare da bashi ba. Bambancin kuɗin karatu tsakanin Hostos da Lehman bai kai dala 2,200 a shekara ba. Abu mai tsada a labarin nan ita ce jami'ar mai zaman kanta, ba shekara huɗun ba.

A ƙasa baki ɗaya ma haka abin yake. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 matsakaicin kuɗin kwalejin al'umma kusan dala dubu 4 ne, jami'ar gwamnati ga ɗan jiha kusan dubu 11, mai zaman kanta sama da dubu 41 kafin rangwame.

Alhaji, kun cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya?

Baban Hanifa, Bronx:
Ta cike da taimakon makaranta. Lehman ɗin ma ta nema, ni ne ban ɗauke ta da muhimmanci ba saboda tana bayan gida. Ina ganin jami'ar da za a tafi da akwati ita ce jami'a.

Anti Zango, Bronx:
Yaya Alhaji, ni dai abin da zan ja kunnenka a kai daban ne. Ka kiyayi makarantun nan masu talla a cikin jirgin ƙasa da a waya, masu cewa wata tara ka zama ma'aikacin asibiti. Ɗan ƙanwata ya faɗa hannun wata, ba zan kama suna ba. Kullum suna bugo masa waya kamar masu neman aure, suka cike masa takardun bashi da kansu. Ya gama, ya fita neman aiki, albashin da ake ba shi bai fi na mai tsaron shago ba. Da ya je kwalejin gwamnati zai ci gaba sai suka ce ba su san da kiredit ɗinsa ba, ya faro daga farko. Har yau yana biya. Su ma digirin shekara biyu suke kiran nasu, to kada a haɗa su da na gwamnati.

Malamin Lissafi:
Anti ta taɓo babban gyambo. Irin waɗannan makarantu na 'yan kasuwa ne, kuma an ga ƙarshen manyansu. Corinthian ta rushe a 2015, ITT ta rufe a 2016, ɗalibai dubbai suka wayi gari ba makaranta ga bashi. Sai a 2022 gwamnati ta yafe dala biliyan 5.8 ga mutum dubu 560 na Corinthian, da biliyan 3.9 ga na ITT. Aikin mai taimaka wa likita da ƙananan ayyuka, wato medical assistant, da suka fi tallatawa, matsakaicin albashinsa dala dubu 42 ne a 2023, bai kai a ci masa bashi mai nauyi ba.

Kafin a biya ko sisi, a tambayi abu uku. Hukumar da ke tantance wannan fannin ta amince da shirin? A hoton ƙashi JRCERT ce ke tantancewa, ARRT ke ba da shaidar ƙwarewa. Cikin waɗanda suka gama bara, nawa suka ci jarrabawar lasisi a zaman farko? A aikin jinya jihohi suna wallafa wannan, kowa zai iya dubawa. Na uku, wace jami'a ce ta rattaba hannu za ta karɓi kiredit ɗin? Wannan na ukun shi ne tarkon da ke kama namu. Digirin shekara biyu iri-iri ne. AA da AS an tsara su ne don a wuce jami'a a shiga aji uku. AAS na fita aiki ne kai tsaye, kuma sau da yawa jami'a ba ta ɗaukar duk darussansa. Wanda yake son ya wuce jami'a ya ɗauki AAS ba tare da ya tambaya ba, zai iya maimaita shekara guda. Wanda yake son aiki ya ɗauki AA na gama-gari ya tsaya a nan, ya riƙe takardar da ba ta buɗe wata ƙofa ta musamman.

Game da masu sauka a hanya da Dokta ya faɗa, CUNY na da shiri mai suna ASAP tun 2007. Suna cike giɓin kuɗin karatu, su taimaka da kuɗin jirgin ƙasa da littattafai, su haɗa ɗalibi da mai ba shi shawara da zai riƙa bibiyarsa, da sharaɗin ya yi karatu cikakken lokaci. Da aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kashi 22. Wannan ya nuna mini ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da yawancinsu ba. Aikin dare ne, da kuɗin mota, da rashin wanda zai ce musu ga darasin da za ku ɗauka. Yarinyar da ke gidan ubanta, ana dafa mata abinci, ba ta biyan haya, ba ta cikin wannan haɗarin sosai.

Ustaz:
Assalamu alaikum. Ana ta lissafin riba da asara, ba a taɓo riba ta Shari'a ba. Bashin nan da ruwa yake. Ko wanda gwamnati ke ɗauke wa ɗalibi ruwansa yana makaranta, bayan ya gama da wata shida ruwan zai fara hawa kansa. Na san akwai malaman da suka yi sassauci saboda larura ga mazauna waɗannan ƙasashe, akwai kuma waɗanda suka hana. Amma larura ana auna ta ne da rashin wata mafita. Idan ga hanya a bayan gida da za a yi karatun ba bashi, da wace hujja za a kira ɗayar larura? Ko a Najeriya da aka kafa asusun bashin ɗalibai na NELFUND, ba ruwa aka yi shi, shi ya sa mutanenmu da yawa suka karɓa hankali kwance.

Dokta na Houston:
Ustaz, ba na jayayya da wannan. Idan Lehman ko Hunter ce, na sauko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da 'ya'yanmu duka masu ɗaukar hoto da masu allura don kuɗin yana zuwa da wuri. Wa zai zama lauya? Wa zai zama farfesa, wa zai shiga majalisar birni? Al'ummar da ba ta da waɗannan kullum a bakin ƙofa take tsaye. Kuma ba duk amfanin karatu ake gani a takardar albashi ba.

Anti Zango, Bronx:
Dokta, ka yi maganar maza. Ni ina duba wani abu. Yarinya ce, shekara 18. Kafin ta kai 22 masu sallama sun fara zuwa, mu kuma mun san kanmu. Na ga 'yan mata da yawa da aka ɗaura wa aure suna aji biyu a jami'a, aka ce za ta ci gaba a ɗakinta, ciki ya zo, goyo ya zo, shiru. Ba digiri, ga bashi. Wadda ta riga ta karɓi lasisinta kuwa, ko ta zauna shekara biyu tana raino, idan ta sabunta shi aiki na jiranta, ta zaɓi kwana uku a mako. Idan auren ya zo da matsala, Allah ya kiyaye, tana da abin riƙe kanta.

Maman Iman, Columbus:
Anti, kamar kin shiga zuciyata.

Injiniya Mai HND, Kaduna:
To na ji bambancin. Ku lasisi ke magana, mu takarda. Amma ku lura, ko a nan abin ya fara juyawa a wajen gwamnati. Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun 2024, mai digiri da yawa a makarantun kuɗi ko hakan ba ya samu. Yaron da ya iya haɗa sola da kyau yana iya samun wannan a aiki ɗaya. Sai dai har gobe idan ya je neman aure za a tambaya wace jami'a ya yi.

Ɗalibi Daga Kano:
Salam iyayena da yayyena. Ina bin muhawarar tun farko. Ina da ND a kimiyyar kwamfuta. Tunda kwalejin al'ummar tana da araha haka, zan iya nema daga nan in zo in yi aikin jinyar?

Ɗan Maraɗi:
Ƙanena, araharta ta 'yan gida ce. Dala 76 ɗin da na faɗa, baƙo 268 yake biya a kan kowane kiredit. Mai bizar karatu ba ya samun Pell. Kafin makaranta ta ba ka takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, sai ka nuna kuɗin karatu da na zama na shekara guda a banki, kuma haya da abinci sun fi kuɗin makarantar nauyi. Aiki kuma awa 20 a mako kawai aka yarda, a cikin harabar makaranta. Ga biza da ta yi wuya yanzu. Kada wani ejan ya karɓi kuɗinka ya ce da ka sauka za ka ja tasi ka biya, wannan karya dokar biza ce.

Malamin Lissafi:
Ƙari a kan haka, bayan ka gama izinin aiki na wata 12 kawai za a ba ka, kuma bizar ƙwararru ta H-1B digirin jami'a take nema, mai shekara biyu bai cika sharaɗin ba. Duk lissafin da muka yi a sama na wanda ke da izinin zama ne. Idan jinya kake so da gaske, makarantar koyon jinya a gida ta fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Ka yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Najeriya, ka yi aiki ka ƙware, daga baya idan kana son fita akwai hanyar tantance takardu da zaman NCLEX ɗin. Idan kuma kwamfutar ce a ranka, ka koma ka ƙarasa HND ko ka nemi shiga jami'a aji biyu da ND ɗinka ta JAMB. Wane maki ka fito da shi?